Yaba Kyauta Tukuici, To Gumi Fa?

Gabatarwa

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan 'yar maƙala ba wani babban abu ba ne a idon mutane, domin kuwa duk maganar a kan Naira 300 take. To, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan 'yar Naira 300 ta tsone mini ido ƙwarai, har ta jefa ni cikin wata muhawara wadda na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko Allah ya sa a sami wanda zai ƙara mana haske.

A lokacin hutun ƙarshen shekarar karatu ta 2025, na taso daga Sakkwato zan tafi gida Tursa, a ƙasar Rabah, tare da wani abokina mai nazarin tsimi da tanadi. Da motarmu ta tsaya a wata tasha a kan hanya, sai muka shiga rumfar wata dattijuwa mai sayar da tuwo. Wadda ta tarbe mu wata yarinya ce da ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Ita ta kawo mana ruwan wanke hannu, ita ta kawo tuwon, ita ta ruga sayo mana ruwan leda, tana ajiyewa kuma ta koma bayan rumfa inda tarin kwanoni ke jiranta. Tun da muka zauna har muka tashi ban ga ta ɗora jikinta a kan benci ba.

Kuɗin abincinmu ya kama Naira 1,700. Na miƙa mata Naira 2,000 muka kama hanyar mota. Sai ga ta a guje tana cewa, "Malam, ka mance canjinka." Na ce mata, "Riƙe, naki na." Ba ta yi godiya ba tukuna, sai da ta waiwaya ta dubi uwar ɗakinta, sa'an nan ta rusuna ta ce, "Na gode." Ina kallo ta koma ta jefa kuɗin a cikin gwangwanin da ake tara ciniki.

Abin ya tsaya mini a rai, na koma na gai da dattijuwar na ce, "Inna, ai yarinyar na ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da harshenmu na gida, "Wanga ɗan boko, mi kaka nema? Ɗiyata ta. Ni ka ci da ita, ni ka yi mata tufan salla. In an ba ta, ni aka ba." Da na ƙara tambaya cikin ladabi, sai ta gaya mini cewa takan aika wa uwar yarinyar da Naira 500 a yini, in an yi ciniki.

Da muka koma mota abokina ya yi ta yi mini dariya. Ya ce maganina ke nan, wai na kwaso al'adar Turawa na kawo rumfar tuwo, ga shi na ƙara wa mai rumfa jari ina tsammanin na taimaki yarinya. A ganinsa ba da irin wannan kuɗi ɓarna ce, domin yana sa masu gidajen abinci su ƙi biyan ma'aikatansu. Ni kuwa na ce masa rowa ce kawai ya yi wa rawanin ilimi. Muka yi ta ja-in-ja har muka rabu. Tambayar da ta rage mini ita ce: mutumin da ya yi maka hidimar abinci, me yake binka, me kuma yake bin wanda ya ɗauke shi aiki? Kuma ko ɗayan biyun nan yana iya tsayawa a madadin ɗaya?

Tukuici a Wurin Bahaushe

Da farko dai ya kamata in warware wani zargi na abokina, watau cewa tukuici baƙon abu ne. Wannan ba haka ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa in maƙwabta suka aiko yaro da kwanon abinci, musamman da azumi ko da salla, ba a barin yaron ya koma hannu banza. In sarki ya aika wa wani da riga ko doki, wanda aka yi wa kyautar yakan sallami ɗan aiken da abin da ya sawwaƙa. In wani ya ce maka, "Albishirinka," kai ma ka san amsar ita ce, "Goro." Har karin magana muke da shi, yaba kyauta tukuici.

To, amma mai karatu ya lura da siffofin wannan tukuici namu. Na ɗaya, bayan an gama hidima ake ba da shi, ba kafin a fara ba. Na biyu, ba a cinikinsa, mai bayarwa ne ke yanke abin da ya ga dama. Na uku kuwa, wanda shi ne ginshiƙin maganata, ɗan aiken da ake ba tukuici yana da gidan da yake ci yake sha. Yaron maƙwabta da ubansa, bafaden sarki da sarkinsa. In an ba shi ya yi murna, in ba a ba shi ba ya yi tsaki ya wuce, amma ba zai kwana da yunwa ba saboda haka.

Harshenmu ma shaida ne cewa kakanninmu sun yi wa wannan fage tunani mai zurfi, domin ba su tara duk kuɗin da ke fita daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Akwai lada, watau abin da ake biyan wanda ya yi aiki. Akwai jinga, watau ladan da aka yanke a kan wani aiki sananne tun ba a fara shi ba. Akwai la'ada ta dillali, akwai gyara wadda mai sayarwa ke ƙara wa mai saye, akwai sadaka ta mabuƙaci, akwai toshi na saurayi ga budurwa, akwai kuma gaisuwa da ake kai wa manya, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa cikin al'adun mulkin da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi. Kowace kalma da mazauninta, kuma in ka sa wata a gurbin wata ka ɓata magana.

Ga wata hanya mai sauƙi ta rarrabe lada da tukuici: a duba sunan da jama'a ke kiran wanda ya hana. Wanda ya hana tukuici marowaci ne, iyakarsa a yi da shi a bayan ido. Wanda ya hana lada kuwa azzalumi ne, ana iya kai shi gaban alƙali. Ashe ke nan tukuici godiya ce, lada kuwa bashi ne. Godiya ba ta biyan bashi, kamar yadda biyan bashi ba ya hana godiya.

Darasi Daga Fadama

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda ake kiyaye wannan bambanci. Yankinmu na gabashin Sakkwato yanki ne na noman fadama. Wurno ta yi suna da shinkafa, haka kuma madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a kan Gulbin Rima a 1984, ta bunƙasa noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a waɗannan wurare ya san ba a sa fartanya a ƙasa sai an yi jinga. A zagaya gonar, a dubi yawan aikin, a yi ta cizawa ana hurawa har a daidaita. In mai gona ya ga aiki ya yi kyau ya ƙara musu wani abu, ko ya aiko da fura mai yawa, wannan alherinsa ne. Amma babu ɗan ƙwadagon da zai yarda a ce masa, "Yi aikin tukuna, in masu wucewa sun ga ƙoƙarinka za su ba ka wani abu."

Wannan ɗabi'a tana da tushe a cikin karatun da aka gada a ƙasar nan. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san cewa a babin ijara an sharɗanta a ambaci lokaci, a kuma ambaci abin da za a biya. Dalili kuwa shi ne ladan da ba a san adadinsa ba yana buɗe ƙofar jayayya da cuta, kuma mai rauni ne kullum ke kwana a ciki. Akwai kuma hadisin da Ibn Majah ya ruwaito wanda ke umurni da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Mai karatu ya lura, umurnin yana kan wanda ya sa aikin ne, ba a kan 'yan kallo ba.

To, abin tambaya a nan shi ne, me ya sa ƙaton da ke yankan shinkafa a fadama ya san ladansa tun da safe, amma yarinyar da ke kai wa mutane tuwon wannan shinkafa ba ta san nata ba sai "in an yi ciniki"?

Hujjar Inna

Adalci ne mu saurari dattijuwar nan, domin maganarta ba ta banza ba ce. Da ta ce "ɗiyata ta," tana jingina ne da wata tsohuwar al'ada, watau barantaka, wadda masani M. G. Smith ya yi bayaninta a nazarce-nazarcensa na ƙasar Zazzau a shekarun 1950. A barantaka ba a yanke albashi. Bara yana yi wa ubangidansa hidima, ubangida kuwa yana ɗauke da cinsa da shansa da suturarsa, in ya yi ciwo ya nema masa magani, in ya isa aure ya yi masa, in ya kawo ƙarfi ya ba shi jari ko gona. Haka uwar ɗaki take ga 'yar ɗakinta, har kayan ɗaki takan yi mata. A irin wannan zama, in baƙo ya ba yaro kyauta ya kai wa ubangidansa, ba a ganin an cuce shi, domin tukunya ɗaya suke ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, barantakar da ake yi a yawancin rumfunan abinci a yau rabinta ne kawai ya rage. An riƙe ɓangaren da ya ce ba a yanke lada, an saki ɓangaren da ya ce ubangida ne gatan baransa har ƙarshe. Ran da yarinya ta kwanta ciwo, sai a nemo wata. Ran da ta fasa kwano, sai a cire a cikin ɗan abin da ake ba ta. In ana maganar biya a ce 'ya ce, in ana maganar laifi a ce 'yar aiki ce. Ta rasa gatan 'ya, ta kuma rasa haƙƙin ma'aikaciya.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin a yankinmu shi ne rashin tsaro. Tun daga harin da aka kai ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah cikin watan Yuli na 2018, wanda ya sa jama'a da yawa suka yi gudun hijira zuwa Gandi, an yi ta samun iyalan da suka bar gonakinsu suka koma garuruwa a gabashin Sakkwato. Uwar da ta baro rumbunta a baya ba ta da bakin yin ciniki a kan ladan ɗiyarta. Duk abin da aka ce za a ba ta sai ta ce an gode. Yardar da yunwa ta tilasta kuwa, ko alƙali ya karɓe ta, zuciya ba ta karɓarta.

Me Doka Ta Ce?

Wataƙila wani ya ce ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi. Gaskiya ne akwai. An fara kafa ta a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan Naira 125 a wata, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Ta kai Naira 18,000 a 2011, ta kai Naira 30,000 a 2019, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka mai da ita Naira 70,000. To, amma dokar 2019 ta keɓe duk wata ma'aikata da ba ta kai mutum 25 ba, ta keɓe masu aikin wucin gadi da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ko suka sayar, da kuma masu aikin da ke bin yanayi kamar noma. Ina rumfar tuwo ko teburin mai shayi da ke da ma'aikata 25? Ke nan inuwar dokar ba ta kai kan waɗanda rana ta fi duka ba.

Mu yi ɗan lissafi. Naira 500 a yini, ko da an yi ciniki kullum ba fashi, Naira 15,000 ke nan a wata. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Naira 70,000 ba. Ko an haɗa da abincin da take ci a rumfar, mai karatu ya auna da kansa ya gani ko ya yi daidai da tsayuwar safe zuwa dare.

Abin Da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Yanzu bari in koma kan tsoron abokina, domin tarihin wata ƙasa ya nuna cewa tsoron nasa yana da dalili. A Amurka, bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865 aka 'yanta bayi, kamfanin jiragen ƙasa na Pullman ya ɗebi baƙaƙen fata da yawa su riƙa yi wa fasinjoji hidima. Albashin da yake ba su kaɗan ne, sauran kuwa sai abin da fasinja ya ga damar miƙawa. Da waɗannan ma'aikata suka kafa ƙungiyarsu a 1925, cikin manyan buƙatunsu har da a ba su albashin da zai riƙe su, su huta da dogara ga hannun fasinja. A farkon ƙarni na 20 ma wasu jihohin ƙasar sun kafa dokar hana tukuici, amma dokokin ba su yi ƙarko ba, aka soke su.

A 1966 sai dokar tarayyar Amurka ta yarda mai gidan abinci ya lissafa tukuicin da baƙi ke bayarwa a cikin albashin ma'aikacinsa. Tun 1991 abin da dokar tarayya ta wajabta wa mai gida ya biya irin wannan ma'aikaci daga aljihunsa shi ne Dala 2 da santi 13 a awa, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata Dala 7 da santi 25 ne tun 2009. Dokar ta ce in tukuici bai cike giɓin ba mai gida ya cike, kuma wasu jihohi kamar Kalifoniya sun wajabta cikakken albashi. Duk da haka, a can wanda ya ci abinci bai ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, ana ganinsa kamar wanda ya hana lada. Watau an ɗauki bashin da ke wuyan mai gida an rataya wa baƙo, aka kuma ci gaba da kiransa kyauta.

Ba ko'ina ake haka ba. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin abinci, abin da baƙo ya bari a kan tebur ƙari ne kawai. A Japan ba a saba ba da tukuici ba sam, kuma wannan bai hana su kyautata wa baƙo ba. A Birtaniya kuwa, wata doka da ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2024 ta hana masu gidajen abinci taɓa tukuicin ma'aikata, ta wajabta a miƙa musu shi gaba ɗaya. Da a can Inna take, da gwangwaninta ya ja mata magana.

Illar Mai da Tukuici Albashi

Na ga illa uku a cikin wannan tsari, kuma ina ganin alamunsu sun fara bayyana a manyan gidajen abinci na biranenmu.

Ta farko, yana mai da ma'aikaci maroƙi. Ba ina rena roƙo ba ne, sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, kuma maroƙi ya san abin da ya zaɓa. Amma wanda ya zo sayar da ƙarfinsa, aka ce abincinsa yana cikin fara'ar baƙo, an tilasta masa sana'ar da bai nema ba. Dole ya yi dariya ga maganar da ba ta da daɗi, ya haɗiye wulaƙanci, ya riƙa auna mutane da tufafinsu. Mai babbar riga a ba shi tsoka, mai tsumma a bar shi yana ta kira. Ashe cutar ba ta tsaya kan ma'aikaci ba, ta shafi talakan da ya zo cin abinci da kuɗinsa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙaramin albashi sananne ya fi babbar kyauta ta ganin dama.

Ta biyu ta fi shafar 'yan mata. A al'adarmu kuɗin da namiji ya miƙa wa budurwa yana da wani suna, watau toshi, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayansa. Da na yi tunani daga baya, sai na gane cewa waiwayen da yarinyar nan ta yi kafin ta karɓi kuɗina ba tsoron uwar ɗaki kaɗai ba ne, har da tarbiyya. Ba ta san ko ni wane ne ba, ba ta kuma san abin da nake nufi ba. In har abincin yarinya ya dogara ga irin wannan kyauta, to, an sa ta a inda ba za ta iya ɗaure wa mutumin banza fuska ba. A nan dole in yarda cewa gwangwanin Inna, duk da laifinsa, wani shinge ne.

Ta uku, tukuici ido gare shi, amma ba ya gani sai abin da ke gabansa. Wadda ta kawo kwano ita ake ba. Wadda ta tashi da asuba ta hura wuta, da wanda ya ɗebo ruwa, da wadda ta wuni tana tuƙi a cikin hayaƙi, babu mai ganinsu. Ga kuma sauyin zamani: tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mutane da yawa sun koma biya ta waya ko ta na'urar kati, kuɗin kuwa asusun mai gida yake faɗawa kai tsaye. Wanda rayuwarsa ta dogara ga "riƙe canji," ran da canji ya ɓace me zai riƙe?

Tsakanina da Abokina

To, ashe abokina ya yi gaskiya ke nan? Ya yi gaskiya a rabi. Ya gane cutar, amma maganinsa bai dace ba. In na hana yarinya Naira 300 domin in koya wa uwar ɗakinta hankali, wa ya ji a jikinsa? Inna ba ta san ma na yi ba. Na hukunta mai rauni a kan laifin mai ƙarfi, na kuma koma gida da kuɗina a aljihu ina yabon kaina. Duk ra'ayin da ya tashi kullum ribarsa a aljihun mai shi take faɗawa, ya kamata a sake dubansa da kyau.

Ni ma kuwa da nawa kuskuren. Na miƙa Naira 300 na ji kamar na sauke wani nauyi, alhali ban tambayi kome ba sai da na ga kuɗin ya faɗa gwangwani. Kyauta tana da daɗi ga mai bayarwa, domin tana sa shi ya ji shi babba ne. Biyan haƙƙi ba shi da wannan daɗi, babu mai rusuna maka don ka biya bashi. Shi ya sa da yawanmu mun fi son mu yi kyauta a gaban jama'a da mu biya lada a ɓoye.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci wadda ta shafe mu duka. Inna ba kamfanin Pullman ba ce. Mace ce mai neman abin rufin asiri, tana fama da tsadar shinkafa da mai da itace, ga masu cin bashi. In ta ƙara Naira 100 a kan malmala, mu ne za mu fara ƙorafi mu koma rumfar gaba. Ke nan arahar tuwon da muke jin daɗinta, wani ne ke biyan cikonta, kuma wannan wani ita ce yarinyar da ba ta zauna ba. Mun ci tuwo, mun ci gumi, muka biya kuɗin tuwo kaɗai. Saboda haka bashin ba a wuyan Inna kaɗai yake ba, da mai rumfa da mai ci duk suna da kaso.

Kammalawa

A taƙaice, matsayina shi ne tukuici abu ne mai kyau matuƙar yana zaune a kan lada, kamar yadda man shanu ke zama a kan miya. Amma ba a ba mutum man shanu a ce ya ci abinci.

Ga masu rumfuna da gidajen abinci, shawarata ita ce a yanke wa kowane ma'aikaci ladansa tun ran da aka ɗauke shi, a gaban shaida, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, domin ribar ranar kasuwa ba a raba ta da shi, bai kamata a raba asarar ranar ruwa da shi ba. Abin da baƙo ya bayar kuma na ma'aikata ne. In ana gudun fitina ga 'yan mata, a ajiye gwangwani na dabam, a raba da yamma har da na bakin murhu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga mu masu ci kuwa, mu ba da tukuici in muna da hali, a fili a gaban mai rumfa, ba tare da neman wani abu a bayansa ba. Mu daure mu biya farashin gaskiya in mun san ana biyan ma'aikata da shi. In muka ga an rubuta kuɗin hidima a rasit na babban otal, mu tambaya ko yana isa hannun masu hidimar. Ga mu ɗalibai musamman, waɗanda gobe wasunmu za su zama masu ɗaukar aiki, wasu masu tsara doka, mu tuna cewa adadin nan na mutum 25 mutane ne suka rubuta shi, mutane kuma ke iya gyara shi. Kada kuma mu manta da tambayar da ta fi duka nauyi, wadda na bar wa wani mai alƙalamin: me yarinya 'yar shekara goma sha huɗu take yi a bayan rumfa a lokacin da sa'o'inta ke aji?

Na sake bi ta tashar nan da hutu ya ƙare. Na tarar da Inna, na gaishe ta, ta gane ni har ta yi mini ba'a. Yarinyar kuwa ba ta nan, wata ce ƙarama ta kawo mini ruwan wanke hannu. Da na tambaya, sai aka ce ta koma wurin uwarta. Na ci tuwona, na biya, na ba sabuwar tukuicinta a gaban Inna, na ce, "Inna, wannan nata ne, ladanta kuma yana wurinki." Ta yi dariya ta ce, "Allah shi shirya ɗan boko." Na ce amin, domin addu'a ce da ni da ita da mai karatu duk muke buƙata.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu, amin.